Kankarar Fuska da Aska: Illolinta da Yadda Za Ki Kare Fatarki

A manyan shagunan gyaran jiki da wasu asibitocin fata akwai aikin da ake kira damafilenin, wato kankarar fuska da aska. Mai aikin za ta kwantar da ke, ta wanke miki fuska ta bar ta ta bushe ƙayau, sannan ta ɗauko askar tiyata mai lamba 10, irin wadda likita ke fiɗa da ita. Da yatsun hannu ɗaya za ta ja fatar har ta miƙe, da ɗayan hannun ta kishingiɗar da askar kamar digiri 45, ta riƙa kankara kaɗan-kaɗan, daga goshi ta gangaro kumatu, ta bi saman leɓe da haɓa. Minti 20 zuwa 30 an tashi. Abu biyu ke taruwa a bakin askar: matacciyar fatar sama, da lallausan gashin nan da ba a cika ganinsa ba sai rana ta haska gefen fuska. Babu allura, babu maganin kashe zafi, kuma idan hannun gwana ne ko ɗigon jini ba za a gani ba. Mace ta tashi fuska sumul, hoda ta kwanta luf, hoto ya fito ras.

Ba na cikin masu cewa aikin nan mugun abu ne. A kan lafiyayyar fata, a hannun wadda ta koya da gaske, yana cikin gyare-gyaren fuska masu ƙarancin haɗari, kuma matan Japan sun daɗe suna zuwa wurin masu aski a aske musu fuska. Abin da ke damuna shi ne lissafin da ba a yi wa mata: kyan da yake bayarwa na mako uku ne zuwa huɗu, tabon da yake iya bari a baƙar fata kuwa na wata shida ne, ko shekara, wani sa'in fiye da haka. Kuma mafi yawan illar nan ana iya hango ta tun aska ba ta taɓa fuska ba. Ko dai mai shago ba ta yi tambaya ba, ko ta yi an ɓoye mata amsa.

Ki kuma rage buri. A 2011 wasu likitoci sun tattara abin da aka rubuta a kan aikin nan suka wallafa a mujallar Aesthetic Plastic Surgery, suka tarar hujjar bincike a kansa 'yar kaɗan ce. Yana sa laushi da sheƙi, wannan ido na gani. Amma duk wadda ta ce miki zai cike ramukan da ƙuraje suka bari, ko ya kawar da tamoji, ko ya mayar da ke fara, talla take yi.

Abin da ake kankarewa ba shara ba ne

Saman fatar mutum akwai wani siririn rufi na matattun ƙwayoyin halitta, jere bisa jere kamar hawa 15 zuwa 20, wanda duka kaurinsa bai kai na silin gashin kai ɗaya ba. Don an ce matacce ne sai a ɗauka datti ne. Alhali shi ne yaɓen katanga: shi ke hana ruwan jiki tsiyayewa, shi ke tare ƙwayoyin cuta da ƙura da kaifin sabulu. Fata na sabunta kanta cikin kamar kwana 28 ga mai ƙuruciya, ga wadda ta manyanta kuwa ya fi haka daɗewa. Aska tana ɗauke wani sashe na rufin nan, kuma kafin ya dawo fuska a buɗe take.

Daga nan illolin yau da kullum suke fitowa. Fuska za ta ɗan yi zafi da ja na wasu awanni. Za ki ji ta ɗaure, ta bushe, ruwa ma ya ɗan yi miki raɗaɗi. Wasu bayan kwana ɗaya ko biyu ƙananan ƙuraje masu farin kai kan feso musu, musamman idan an lafta mai mai nauyi bayan an gama. Akan sami ɗan ƙarzanen da bai kai yanka ba a gefen muƙamuƙi ko ƙasan hanci, inda fata ba ta shimfiɗe ba. Duk waɗannan sukan wuce da kansu cikin kwana biyu zuwa uku. Wanda ya haura haka, ko yake ƙaruwa maimakon raguwa, ya fita daga sahun abin da aka saba.

Maganar gashi

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce ko gashin zai dawo da kauri ya zama gemu. Ba zai zama ba. Tun 1928 wata masaniyar halittar jiki a Amurka, Mildred Trotter, ta gwada ta nuna aski ba ya ƙara wa gashi kauri, ko duhu, ko saurin tsiro, kuma an sake gwadawa daga baya aka sami abu ɗaya. Aska a saman fata take yanka, saiwar da ke ƙera gashin tana can ƙasa ba a taɓa ta ba. Abin da yatsa ke ji kamar kaushi bayan mako guda, bakin gashin ne da aka datse ya rasa tsininsa.

Sai dai akwai matan da wannan amsa ba ta ishe su ba. Wadda ke da gashi baƙi mai kauri a haɓa ko gashin baki ko saje, nata ba lallausan gashin nan ba ne. Gashinmu a murɗe yake tsirowa, idan aka yanke shi dab da fata sai ya lanƙwasa ya soki fatar ya koma ciki, ya tayar da ƙurajen aski irin waɗanda maza ke fama da su a wuya, kowane ƙurji kuma ya bar baƙin ɗigo. Irin wannan gashi, in ya haɗu da rikicewar al'ada ko ƙiba ko jinkirin haihuwa, sau da yawa alama ce ta matsalar sinadaran jiki da ke da nasaba da ƙwan mace. Likitan mata ya kamata ta fara gani. Gira kuwa ba ta cikin aikin nan ko kaɗan. Hukuncinta a addini ma daban ne, kuma mai aiki ta gari ba ta kai aska wurin.

Baƙin tabo: babbar illar da ta shafe mu

Mafi yawan bayanan da ke yawo a kan kankarar fuska an rubuta su ne da farar fata a zuci. Can illar da ake tsoro ita ce ja, kuma ja kan washe. Mu tamu daban ce. Likitocin fata suna amfani da ma'aunin da Thomas Fitzpatrick na jami'ar Harvard ya fara tsarawa a 1975, wanda a yau ya kasa fatar mutane gida 6 gwargwadon yadda take amsa rana. Yawancinmu muna gida na 5 da na 6, masu hasken cikinmu a na 4. A irin wannan fata, ƙwayoyin da ke samar da launi a farke suke. Duk abin da ya fusata fatar, ko ƙurji ne, ko ƙuna, ko ƙarzane, sai su zubo launi fiye da ƙima a daidai wurin. Ciwon ya warke cikin kwana biyar, inuwarsa ta zauna.

Idan launin a sama-sama ya tsaya, ruwan ƙasa-ƙasa ne, kuma yakan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin ya dushe. Idan kuwa ya nutse can ƙasan fata, sai ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, wannan yakan yi shekaru. Kin ga ke nan ɗan kuskuren hannu na daƙiƙa guda, danna askar da yawa ko maimaita wuri ɗaya sau huɗu sau biyar don a ga ya yi tas, zai iya bar miki zane a kumatu har wata sallar. Rana kuma ita ke ƙara masa duhu, ga shi an cire rufin da ke rage kaifinta. Wadda aka kankare wa fuska da hantsi ta fito ta hau adaidaita sahu cikin zafin Afrilu ba tare da kariya ba, ta riga ta fara ɓata aikin da ta biya kuɗi a kansa.

Mai ciki ta ƙara kula. Aikin shi kansa ba ya shigar da wani sinadari jiki, shi ya sa ake ganin ba ya cutar da ciki. Amma duhun nan da ke shimfiɗowa a kumatu da goshin wasu masu juna biyu, da masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, ɗan fusata kaɗan ke ƙara shi. Wadda ke da shi ta haƙura.

Akwai kuma tabo mai tasowa ya yi tudu ya wuce iyakar ciwon, wanda likitoci ke kira kiloyid. Ya fi yawa a baƙar fata, kuma muƙamuƙi na cikin wuraren da yake so. Kankara ta sama-sama ba ta kawo shi, yanka mai zurfi ne ke kawo shi. To amma wa zai ba ki tabbacin hannu ba zai goce ba? Idan hujin kunnenki ya taɓa yin ƙullutu, ko tsagen fuska ko wurin tiyata ya taso, ko akwai masu irin haka a gidanku, shawarata ki bar aska ta yi nesa da fuskarki. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Man da kike shafawa

Nan ne nake so mu tsaya mu yi gaskiya da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata. Ko da adadin ya sauya, kowa ya san abin bai ragu a gidajenmu ba. Kuma kusan babu wadda za ta ce bilicin take yi. Sai dai a ce ana shafa mai, ko haɗi ne aka yi mata, ko na gargajiya ne babu kemikal.

Da yawa daga cikin haɗe-haɗen nan akwai sitiroyid a ciki. Dermovate na ɗauke da kilobetasol, wanda ke cikin mafiya ƙarfi. Skineal ma kilobetasol ne a cikinsa, Funbact-A kuwa betametason. Magunguna ne na gaske, an yi su don a shafa a ciwon fata na ɗan lokaci bisa umarnin likita, amma aka mayar da su man shafawa na kullum, ana matsa su cikin kwalbar mai ana juyawa. Idan aka daɗe ana shafa sitiroyid a fuska, fatar kan siranta. Jijiyoyi su fito ja-ja ko kore-kore a kumatu, ɗan bugu kaɗan ya tara jini, ciwo ya ƙi warkewa da wuri, garkuwar wurin ta yi rauni. Yana kuma sa gashin fuska ya ƙaru, kuma sau da yawa gashin nan ne ke kai mace shagon kankara tun farko. Askar da za ta bi lafiyayyar fata lami lafiya, a irin wannan sai ta saɓule ta. Mai aikin ba ta canza hannu ba, fatar ce ba ta da abin da za ta tare da shi.

Sinadarin haidirokwinon da ke cikin wasu mayukan ƙara haske kuma, idan aka daɗe a kansa, yakan juya ya kawo wani duhu mai shuɗi-shuɗi a ƙashin kumatu wanda ke da wuyar magani. Wasu sukan zo a kankare musu shi, a zatonsu a sama yake. A can ƙasa yake inda aska ba ta kaiwa, kankarar ba abin da za ta ƙara masa sai fushi. Sannan duk abin da aka shafa bayan kankara ya fi shiga jiki, har da makuri da ake samu a wasu mayukan, wanda ke lalata ƙoda.

Don haka idan mai aiki ta ce, “Hajiya, wane mai kike shafawa?” ba gulma take nema ba. Ki zo da kwalbar a jaka ki nuna mata. Idan haɗi ne da ba a rubuta abin da ke ciki ba, ki ɗauka akwai sitiroyid. Kar kuma ki ce za ki daina yau a kankare miki jibi. Fatar da ta saba da sitiroyid idan aka yanke mata shi farat ɗaya takan yi bori, da zafi da ƙuraje da saɓa, shi ya sa likita ke janye shi a hankali, kuma farfaɗowar fatar aikin watanni ne.

Sauran waɗanda ya kamata su dakata

Mai ƙurajen fuska masu ruwa ko masu ciwo ta jira su kwanta. Aska za ta fille kawunansu, ta kwashi abin da ke ciki ta shafe sauran fuskar da shi, kowanne kuma ya bar tabonsa. Haka mai kirci, da mai makero, da duk wadda fuskarta ke saɓa ko ƙaiƙayi a lokacin. Wasu cututtukan fata suna da ɗabi'ar bin layin rauni: inda aka ƙarza nan sabo zai fito. Wani likitan Jamus, Heinrich Köbner, shi ya fara bayyana haka a ƙarni na 19 a kan cutar soriyasis, kuma ana ganin hakan a cutar da ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari. Ƙananan tsiro masu faɗin kai da ƙwayar cuta ke kawowa su ma aski na yaɗa su, daga uku su zama talatin.

Idan ƙurajen zazzaɓi sukan fito miki a leɓe, ki faɗa. Ƙwayar hafis ce ke kawo su, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita, kwance take a jijiya sai an taɓo ta. Kankarar saman leɓe na iya tayar da ita, kuma a fatar da aka buɗe takan bazu fiye da yadda ta saba. Idan suna nan a fili, babu aiki a ranar. Idan suna yawan dawowa, likita kan ba da asaikulobiya a fara sha kafin ranar.

Mai shan Roaccutane ko wani isotiretinoyin don ƙuraje, fatarta a bushe take kuma ba ta da ƙwari. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a jira wata 6 bayan an gama shan maganin. A 2017 wasu ƙwararru sun sake duba ƙa'idar suka sassauta ta ga ayyukan da ba su da zurfi, amma wannan hukunci na likitan da ya rubuta miki maganin ne, ba na mai shago ba. Masu shafa retinol ko tiretinoyin ko Differin, da mayuka masu asid, su ajiye su kwana 5 zuwa 7 kafin ranar. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mai ciwon sugan da bai daidaita ba, da wadda ake yi wa maganin daji, duk su nemi izinin likita tukuna. Ɗan yankan da ba komai ba ne ga wata, gare su magana ce.

Tawadar Allah mai tudu, da ƙananan baƙaƙen tsiron nan da ke fitowa a kumatu da gefen ido yayin da shekaru ke ja, waɗanda suka yi yawa a baƙar fata, kewaye su ake yi. Mai aikin da ta ce za ta fille miki su a haɗa da kankara ta wuce gona da iri.

Askar da za a ɗora miki

Mu ba baƙin aska ba ne. Da ita wanzami ke askin suna, da ita ake tsaga da ƙaho. Mun kuma ji a jikinmu abin da aska ɗaya ke yi idan ta bi mutane da yawa, shi ya sa maza da dama yanzu ke zuwa shagon aski da kilifarsu. Abin mamaki, matar da ba za ta yarda a yi wa ɗanta aski da rezar wani ba, ita ce za ta rufe ido a gadon kwalliya ba ta ga daga inda aka ɗauko askar ba.

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini a kan ƙarfe aƙalla kwana 7, kuma jinin da ido bai gani ba ya isa. Babban binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. Nau'in C da ƙanjamau ma ta jini suke bi, ko da yake ƙwayar ƙanjamau ba ta jure zama a waje kamar ta hanta. Goge aska da sifirit ba ya wadatarwa. Akwatin nan mai shuɗiyar fitila da ake jera kaya a ciki shi ma ba ya wadatarwa. Bakin aska sau ɗaya ake amfani da shi a jefa a mazubin ƙarafa masu kaifi. Mariƙin, in na ƙarfe ne da ake maimaitawa, sai an dafa shi a tukunyar tururi ta asibiti mai kaiwa digiri 121. In babu ita, a yi amfani da askar da ake yarwa ɗungurungum.

Babu kunya a nan. Ki ce, “Anti, don Allah a buɗe askar a gabana.” Wadda ta san aikinta murmushi za ta yi ta yage takardar kina kallo. Ki lura ta wanke hannu ta sa sabuwar safar hannu, ta sa takunkumi tunda numfashinta a kan fuskarki yake sauka, kuma ba ta ɗaga waya da safar a hannunta. Tawul da shimfiɗar gado su zama wankakku. Ban da cututtukan jini, akwai na kusa: ƙwayoyin da ke zaune a fata da cikin hanci, waɗanda ke shiga ta ƙarzane su kawo ƙuraje masu ɓawo ruwan zuma, ko su kumbura saiwar gashi.

Ki tambaye ta inda ta koya da tsawon lokacin da ta yi tana yi. A Amurka kowace jiha da dokarta a kan wanda aka yarda ya riƙe askar nan, don ana ganin aikin yana dab da iyakar aikin likita. Takardar kwas na yini biyu da aka rataye a bango ba ta gaya miki komai a kan hannu. Abin da ke gaya miki shi ne yadda ta karɓe ki. Gwana takan duba fuskar a haske mai kyau, ta yi tambaya a kan magunguna da mayuka da ciki da tabo, kuma takan iya cewa yau ba za ta yi ba. A wurina wannan ce babbar shaida, mai shagon da ke iya mayar da kuɗi. Lokacin aikin kuma abin da za ki ji shi ne ɗan karce mara zafi. In kin ji zogi ki yi magana nan take. Ba a bin fatar ido, ba a hawa kan leɓe, ba a naci a wuri ɗaya.

Wani abu da ake yawan cusa wa mata shi ne a haɗa kankara da shafa asid mai saɓule fata a zama ɗaya, wai don ya fi shiga. Zai fi shiga kuwa, nan haɗarin yake. Asid ɗin da fatarki za ta iya ɗauka a rufe, a buɗe ƙona ta zai yi, ƙuna kuma a baƙar fata kin san abin da take bari. A karon farko kar ki yarda a haɗa da komai sai mai mai sanyaya fata.

Amare da kwanakin da ke biyo baya

Mafi yawan ɓarnar da ake yi, a makon biki ake yin ta. Amarya ta sha dilka kwana da kwanaki, an ja mata halawa, an murza kurkum, an turara ta, sannan ana jibi kamu a ce a kankare fuska don kwalliya ta zauna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin rufin fatar. An tara su a kan fuska ɗaya cikin mako ɗaya, sai a rufe da hoda mai nauyi kwana huɗu a jere, ana gogewa ana sakewa. Uwar amarya da ƙawaye su sa ido a nan. Wadda ba ta taɓa yi ba ta gwada tun saura wata biyu, ta ga yadda fatarta ke amsawa. In ta karɓa, sai a maimaita saura kwana 7 zuwa 10, kuma daga ranar fuska ta fita daga lissafin dilka da halawa. A yi su a jiki, a bar fuska ta huta.

Bayan an gama, yinin farko babu hoda babu fandesho. Kwana biyu zuwa uku ki guji tururi, da ruwan zafi, da motsa jiki mai sa zufa, da tsayuwa kan murhun itace. Mako guda babu abin gurza fuska, babu retinol, babu asid, babu lemun tsami. Sabulun salo, duk da amfaninsa, yana da kaifin toka, ki ajiye shi ki nemi mai laushi mara ƙamshi. Alwala ba ta da matsala: ruwa mai tsabta, a shafa a hankali, a dangwala tawul maimakon a goge. Da yake sau biyar ne a yini, fuskar za ta fi bushewa, sai ki riƙa bin ta da mai mara turare, ɗan Vaseline kaɗan ko man kaɗe mai tsabta in ba ya fito miki da ƙuraje. Cikin hunturu a ninka kula, ko ma a ɗage aikin in fuska ta riga ta fara tsagewa. Mai sa niƙabi ta sa wankakke mai laushi wanda ba ya gugar kumatu. A canza rigar filo, a goge fuskar waya.

Man kariya daga rana wajibi ne, kuma a nan ne mata da yawa ke sakaci, don an ɗauka baƙar fata ba ta buƙatarsa. Ki nemi mai lamba 30 ko sama, ki shafa kowace safiya, ki sake bayan awa biyu in kina waje. Wanda aka sa wa launi irin na hoda ya fi dacewa da mu, don sinadarin launin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke ƙara duhun tabo a baƙar fata.

Tsakanin zama da zama a bar aƙalla mako 3 zuwa 4. Wadda daɗin laushin ya ja ta tana yi duk mako, ko tana ƙarawa da ƙaramar rezar gira a gida, za ta wayi gari da fuskar da ko ruwa ba ta so, mai ƙyalli kamar an ja leda, kullum cikin ƙuraje. Maganin wannan a tsaya cak, wata ɗaya ko biyu babu komai sai sabulu mai laushi da mai da kariyar rana.

Lokacin zuwa asibiti

A baƙar fata ja ba ya nuna kansa sosai, yakan fito kamar duhu ko ruwan hanta, don haka kar ki jira ganin ja. Ki dogara da taɓawa. Wurin da ya yi zafi fiye da kewayensa, ko ya kumbura yana faɗaɗa, ko yake zogi yana ƙaruwa bayan kwana biyu, ko yake fitar da mugunya ko ɓawo ruwan zuma, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito a cure, duk na likita ne. In zazzaɓi ya shigo, ko kumburin ya doshi ido, a ranar za a je, kar a kwana. Kar a matse, musamman tsakanin hanci da leɓen sama, kuma kar a ruga kemis a sayo Funbact-A a shafa. Sitiroyid kan lafar da alamar ciwon ya bar ƙwayar tana ci. Akwai likitocin fata a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Baƙin tabo ma gara a kai musu shi da wuri, kafin a fara bin sa da mayukan kasuwa.

Idan kuma an yanke ki da askar da kike zargin an yi wa wata aiki da ita, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu ki nufi asibiti kai tsaye. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na ciwon hanta kuwa an fi son a yi cikin awa 24. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga jerin alluran yara a Nijeriya ne a 2004, wato yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba a yi musu ba. Duk mai zuwa gyaran jiki a kai a kai, da ita kanta mai riƙe askar, ya kamata su yi gwaji, in babu cutar su karɓi allurar: guda uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida.